Shaidar Agogo: Yadda Wata Cibiyar Jarrabawa a Ibadan Ta Rutsa da Ma'aikatan Jinya 1,955

A watan Mayun 2023 ne hukumar da ke ba ma'aikatan jinya da ungozoma lasisi a Birtaniya, wato NMC, ta fara aika wa wasu 'yan Nijeriya wasiƙa. Daga cikinsu akwai waɗanda suka shekara biyu ko uku suna aiki a asibitocin Ingila, sun kwashi iyali, 'ya'yansu sun shiga makaranta. Akwai waɗanda ba su daɗe da sauka ba, suna aikin taimaka wa nas kafin lambarsu ta fito. Akwai kuma waɗanda ke gida Nijeriya, an ɗaure jaka, biza kawai ake jira. Saƙon ɗaya ne ga kowa: jarrabawar kwamfutar da ka zana a cibiyar Yunnik da ke Ibadan, muna shakkar sahihancinta.

Babu majinyacin da ya kai ƙararsu. Babu shugabar ɗakin jinya da ta ce wance ba ta iya allura ba, ko wane ya zarce kima wajen ba da magani. Hasali ma hukumar da bakinta ta ce a lokacin ba ta da wani ƙorafi a kan aikin waɗanda suka riga suka shiga rajistarta. Agogo ne ya tona zancen. Kamfanin Pearson VUE, wanda NMC ta damƙa wa gudanar da jarrabawar a ƙasashen duniya, shi ya duba bayanan da kwamfutocinsa ke tarawa, ya ga cewa a wannan cibiya guda mutane na kammala jarrabawa cikin ɗan lokacin da ko karanta tambayoyin da kyau bai isa a yi ba.

Tsanin da nas ke hawa

Wanda ya yi karatun jinya a wajen Birtaniya, a Kano ya yi ko a Manila ta Filifin ko a Kerala ta Indiya, ba ya taɓa majinyaci da sunan nas a can sai sunansa ya shiga rajistar NMC an ba shi lamba. Matakin farko Turanci ne. Duk da cewa da Turanci aka karantar da shi tun daga firamare, yawancin 'yan Nijeriya sai sun zana jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET. A IELTS ana neman maki 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu, kuma a kan rubutun nan mutane da yawa ke maƙalewa, wani sai ya biya kuɗi ya zana sau uku kafin ya haye. Daga nan ya buɗe fayil a NMC, ya biya fam 140 na duba takardu, hukumar jinya ta Nijeriya kuma ta tabbatar wa takwararta cewa lasisinsa na gaske ne.

Sai jarrabawar ƙwarewa, wadda kashi biyu ce. Ta farko ita ce CBT, ta kwamfuta, kuɗinta fam 83, kuma mutum na iya zana ta a ƙasarsa. Ta biyu OSCE, gwaji ne a aikace, fam 794, ita kam sai an taka ƙasar Birtaniya. Tasha goma mutum zai zaga, a ga yadda yake auna majinyaci, yadda yake tsara kulawa, yadda yake ba da magani, har yadda yake wanke hannu, mai sa ido na tsaye da takarda a kansa. In ya haye sai ya biya fam 153 na rajista. Jimilla fam 1,170 ke nan a 2023, ban da kuɗin jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka da biza da jirgi, ko da yake asibitin da ya ɗauki mutum aiki kan ɗauke masa wasu daga ciki. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya kasance naira 30,000 a wannan lokaci, kuɗin nan ba na aljihu ba ne. Kuɗin adashi ne da rance da sayar da fili. Abin da ake hange a ɗaya ɓangaren shi ne albashin sabon nas a asibitin gwamnatin Ingila, wanda a 2023 ya fara daga fam 28,407 a shekara.

CBT ɗin da rigimar ta taso a kanta ita ce mafi arha a duk matakan, kuma a wajen masu ƙwarewa ita ce mafi sauƙi. Tun daga Agustan 2021 aka raba ta biyu: tambayoyin lissafi 15 cikin minti 30, yawanci lissafin adadin magani da gudun ƙarin ruwa, sai tambayoyin aikin jinya 100 cikin awa biyu da rabi. Kafin nan tambaya 120 ce. Nas ɗin da ya shekara biyar yana kwana a ɗakin haihuwa ko na gaggawa a asibitin koyarwa, in ya ware 'yan makonni ya karanta dokokin aikin Birtaniya, bai kamata ta gagare shi ba. Wannan shi ne abin takaici na farko a lamarin: mutane sun sa rayuwarsu a faifai a kan ƙofar da da ƙafarsu za su iya shigewa.

Me ya sa aka yi ta tururuwa a waɗannan shekaru? Birtaniya ce ke nema ido rufe. A zaɓen 2019 gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta yi alkawarin ƙara nas 50,000 a Ingila, ga ficewa daga Tarayyar Turai ta rage masu zuwa daga Sifaniya da Italiya da Romaniya, ga annobar korona. A Agustan 2020 aka buɗe biza ta musamman ga ma'aikatan lafiya, mai sauƙin kuɗi da saurin fitowa. A shekarar da ta ƙare a Maris 2023, kusan rabin sababbin shiga rajistar NMC a waje suka yi karatu, kuma Nijeriya ce ta uku bayan Indiya da Filifin, da mutum sama da 10,000 a rajista.

Amma akwai bambanci tsakanin ɗan Nijeriya da ɗan Indiya a wannan hanya, kuma a ganina yana da hannu a abin da ya faru. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashen da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya yi wa katutu. A jerin 2023 ƙasashe 55 ne, har da Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan. Birtaniya ta sa waɗannan a jerin da ta kira ja, ma'ana asibitocinta ba za su je can neman ma'aikata ba, sai dai in mutum ya nemi aiki da kansa. Manufar mai kyau ce. Sakamakonta kuwa shi ne, yayin da asibitin Ingila ke tura jami'ansa Kerala su yi wa nas-nas jagora mataki bayan mataki, nas ɗin Nijeriya shi kaɗai yake lalube, malamansa su ne zaurukan WhatsApp da Telegram da wani ɗan'uwa da ya riga shi tafiya, sai kuma ejan. Inda hukuma ta janye hannu, dillali ke shimfiɗa tabarma. Shi zai ce maka kawo kuɗi in yi maka rajistar jarrabawa, shi zai zaɓa maka rana, shi zai zaɓa maka cibiya.

Abin da bincike ya gano

A Satumban 2023 NMC ta fitar da sakamakon bincikenta. An bi bayanan cibiyar daga Maris 2019 zuwa Maris 2023, aka sami mutum 1,955 da suka zana CBT a wurin. Hukumar ta ce akwai hujjar maguɗi mai yawa a cibiyar, kuma salon maguɗin shi ne sojan gona: wani ya zauna a gaban kwamfuta ya amsa wa mai suna. Saboda haka ta soke sakamakon kowa da kowa, mai laifi da marar laifi.

Daga nan aka kasa su huɗu. Cikin mutum 515 da suka riga suka sami lamba suna aiki, 48 ne aka zarga da maguɗi, sauran 467 aka ce ba a zarginsu amma dole su sake zanawa. Cikin 1,440 da ke kan neman rajista, an zargi 669, aka ce 771 su sake kawai. Waɗanda ake zargi ke nan 717, fiye da kashi ɗaya bisa uku na duk wanda ya taɓa shiga ɗakin. An ba kowa damar sake jarrabawar kyauta, Pearson VUE ya ɗauki kuɗin. Sai dai ga wanda ake zargi, cin jarrabawar karo na biyu ba ya wanke shi, domin tambayar da ake yi masa yanzu ta tashi daga "ka iya aiki?" ta koma "ka yi mana ƙarya?"

Yadda aka ja layin tsakanin wanda ake zargi da wanda ba a zargi shi ne zuciyar wannan lamari, don haka bari mu ɗan tsaya a kai.

NMC ta ɗauko masanin ƙididdiga mai zaman kansa, ya kwatanta lokutan da 'yan Yunnik suka ɗauka da na waɗanda suka zana a sauran cibiyoyin Nijeriya da na sauran duniya. Aka tsayar da ma'auni: duk wanda ya ci jarrabawar da saurin da, a cikin masu zanawa na gaskiya, mutum ɗaya cikin 2,500 ne kawai ake tsammanin zai iya, to ya shiga sahun zargi. A takardun zaman sauraron ƙara an ga mutanen da suka gama tambaya 100 cikin ƙasa da minti 20. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. In an gama cikin minti 15, daƙiƙa 9 ke nan ga kowace tambaya: a karanta labarin majinyaci, a karanta zaɓi huɗu, a yanke shawara, a danna, a wuce, sau ɗari ba tare da an tsaya ko an koma baya ba, kuma a ci.

Waɗanda ake zargi sun kawo hujjojinsu. Sun ce sun daɗe a aiki. Sun ce tambayoyin gwaji sun cika intanet, kuma da yawa daga cikinsu sun fito kusan kalma da kalma, mutum na ganin farkon tambaya ya san amsarta. Duk wanda ya taɓa haddace tsofaffin tambayoyin JAMB ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Amsar da kwamitocin sauraron ƙara suka riƙa bayarwa ita ce, waɗannan tambayoyin gwaji ai suna hannun wanda ya zana a Legas da Abuja da Manila, amma ba a ga irin wannan gudu a can ba. Sun kuma duba wasu alamu: mutum nawa ne suka yi irin wannan sauri a rana ɗaya a cibiyar, ɗaya bayan ɗaya; me ya sa mutum ya baro garinsu mai nisa ya tafi Ibadan; minti nawa ya ɗauka da ya sake zanawa a Birtaniya. Sannan akwai shaidar wasu nas-nas da suka amsa cewa an zana musu, suka bayyana yadda abin ke gudana a ɗakin.

A nan dole a faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa 'yan gida daɗi ba. In ma'aunin ɗaya cikin 2,500 daidai ne, to cikin mutum 1,955 ko mutum guda cikakke ba a tsammanin ya yi wannan sauri da guminsa. An sami 717. Babu yawan haddar da za ta cike wannan rata. Masu cewa duk abin ƙage ne da wariyar launin fata ba su yi wa lissafin adalci ba, kuma ba su taimaki marasa laifin da ke cikin taron ba.

Amma agogo shaida ne mai ido ɗaya. Mai gaggawa yake kamawa, ba mai wayo ba. Ɗan sojan gonar da ya yi haƙuri ya ja lokaci zuwa awa guda, wanda ya zana wa ya faɗa sahun marasa zargi, ya sake jarrabawa ya ci gaba da rayuwarsa. Wanda kuma lokacinsa ya faɗi ɗan ƙasa da layin, ko da da hannunsa ya amsa, an bar shi da aikin tabbatar da abin da ya faru a wani ɗaki shekara biyu ko uku da suka wuce, ba hoto a hannunsa, ba shaida. Ga shi ma'aunin hukuncin ba irin na kotun laifi ba ne da sai an kawar da duk wani kokwanto. Ya isa kwamiti ya ga cewa zargin ya fi rinjaye a kan akasinsa.

Akwai kuma kashi na uku da agogo bai san da su ba sam. Cikin waɗanda suka amsa laifi, akwai masu cewa ba da niyyar maguɗi suka je ba. A wurin aka tare su, aka matsa musu lamba cewa sai an taimaka musu, suka ji tsoro ko suka rasa yadda za su yi. Ka ɗauki mace da ta kwana a mota daga wata jiha, ta ci bashin kuɗin jarrabawa, ta shiga ɗakin da ba ta san kowa ba, waɗanda ke riƙe da ƙofa da kwamfuta suka ce mata ga yadda ake yi a nan. Abin da ya kamata ta yi a bayyane yake: ta fita, ta rubuta wa Pearson VUE ko NMC. Amma wa ya taɓa gaya mata akwai wannan hanya, kuma a ƙasar da ta taso, yaushe kai ƙarar mai cibiyar jarrabawa ya taɓa amfanar ɗalibi? Wannan ba ya wanke ta. Ta karɓi sakamakon, ta miƙa shi, ta sa hannu cewa nata ne. Sai dai ba daidai take da wanda ya nemi ejan tun daga gida ya yi ciniki ba.

Hujjar NMC ta tsayawa kai da fata a kan gaskiya ita ma ba ta wasa ba ce. Aikin jinya kusan dukansa a bayan idon mai duba ake yin sa. Ƙarfe uku na dare, nas ce kaɗai ta san ko ta ba da maganin ko ta dai rubuta cewa ta bayar, ko ta auna hawan jinin ko ta kwafi na jiya. Takardar da ta cike ita likita zai dogara da ita da safe. Wanda ya shiga aikin da takardar ƙarya, hukuma na da dalilin tambayar me zai rubuta ranar da ya yi kuskure. Shi ya sa hujjar cewa mutum 48 ɗin nan duk sun ci OSCE da hannunsu a Birtaniya, kuma suna aiki ba ƙorafi, ba ta wadatar a gaban kwamiti ba.

Hukunci, da jiran hukunci

Waɗanda ke da lamba, an tura su gaban kwamitin bincike mai zaman kansa, aka fara zama a Maris 2024. An cire sunayen wasu daga rajista, an wanke wasu. Masu neman rajista kuwa mataimakin magatakardan hukumar ne ke duba takardunsu ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawan waɗanda aka fara dubawa an ƙi su bisa sharaɗin kyawun hali, da damar ɗaukaka ƙara.

Abin da ya fi cin mutane shi ne jira. Bizar ma'aikacin lafiya a ɗaure take da asibitin da ya ɗauke shi. Asibiti ya kawo mutum ne don ya zama nas cikin 'yan watanni. In lamba ta ƙi fitowa, wani asibitin ya bar shi a matsayin mataimaki da ƙaramin albashi, wani ya sallame shi. Da zarar an sallame shi, ma'aikatar cikin gida kan ba shi kwana 60 ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar, kuma bizar mata ko miji da 'ya'ya a jikin tasa take rataye. Hukumar lasisi na tafiya da nata agogon, hukumar shige da fice da nata, ba mai jiran wani. A 2025 an ruwaito cewa wasu sun sami takardar barin ƙasa alhali ba a saurari ɗaukaka ƙararsu ba. Ƙungiyoyin nas-nas 'yan Nijeriya da na baƙar fata a Birtaniya sun yi ta kuka a kan wannan jinkiri, wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa kuma suka ɗauki lauyoyi.

Ba a cika maganar mutum 1,238 ɗin da ba a zarga da komai ba. Su ma an soke musu sakamako, sun koma karatu suna tsakiyar aiki, kuma sun sha kallon da abokan aiki ke yi wa duk nas ɗan Nijeriya a watannin da jaridun Birtaniya suka yi ta buga labarin. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle wake ɗari bakwai.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara huɗu bayanan nan suna shiga kwamfutocin kamfanin da ke gudanar da jarrabawar. Lokacin da kowane mutum ya fara da lokacin da ya gama a rubuce suke tun ranar da ya zana. Ba wata sabuwar shaida aka tono a 2023 ba, tsohuwar ce aka waiwaya aka duba. Da an sa ido tun a shekarar farko, da mutum goma ko ashirin abin zai shafa, da ba a kai ga wasu sun sayar da gida sun ƙaura da iyali ba. Cibiyar ba ta Pearson VUE ba ce kai tsaye, ta wani kamfani ce da aka ba izini. Wato hukuma ta ba kamfani kwangila, kamfani ya ba wani izini, kowa ya karɓi rabonsa daga fam 83, amma da igiyar ta tsinke a hannun na ƙarshe ta tsinke. Bayan faruwar abin an dakatar da jarrabawar a cibiyar, an kuma daina amfani da wasu cibiyoyin da tsaronsu bai kai ba. Gyara ne mai kyau, ya dai zo bayan ɓarna.

Birtaniya ta taɓa shiga irin wannan. A 2014 shirin binciken BBC ya bankaɗo maguɗi a jarrabawar Turanci ta TOEIC da ɗalibai baƙi ke zanawa don sabunta biza. Kamfanin ETS, mai shirya jarrabawar, ya bi muryoyin da aka naɗa da na'ura, ya ce kashi 97 cikin ɗari na jarrabawa kusan 58,000 akwai shakka a kansu. Ma'aikatar cikin gida ta soke bizar dubban mutane, aka tasa ƙeyar sama da 2,000, da yawa ba tare da an saurare su ba. A 2019 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce ma'aikatar ba ta yi abin da ya kamata don kare marasa laifi ba, kuma dubbai sun yi nasara da suka ɗaukaka ƙara. In aka auna da wannan, NMC ta fi yin hattara: ta ware waɗanda ba ta zargi, ta ba da damar sakewa, ta ba kowa damar kare kansa. Filifin ma ta ɗanɗana a 2006, lokacin da tambayoyin jarrabawar lasisin jinya ta watan Yuni suka fita ta hannun cibiyoyin share fage. Mutum kusan 42,000 suka zana, kusan 17,000 suka ci. A farkon 2007 hukumar CGFNS ta Amurka, mai tantance takardun nas-nas baƙi, ta ce ba za ta ba ko ɗayansu takardar biza ba sai sun sake sassa biyun da abin ya shafa. Dubbai suka koma aji a kan laifin da yawancinsu ba su san lokacin da aka yi shi ba.

A gida kuma

Ana cikin wannan sai wata ƙofar ta rufe daga ɓangaren Nijeriya, bisa wani dalili daban. A ranar 7 ga Fabrairun 2024 hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantance takardu ga masu son fita: sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi, sai ya kawo takardar shaidar hali daga shugaban wurin aikinsa da makarantar da ya gama, kuma tantancewar za ta ɗauki aƙalla wata shida. Magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, wasu suka garzaya kotun ma'aikata, Majalisar Wakilai ta nemi a dakata. Shafin tantancewar ya shafe watanni a rufe kafin a sake buɗe shi a Satumban 2024. Duk wannan a daidai lokacin da fam ɗaya ya doshi naira 2,000, wato kuɗin tafiya ya ninka, haka ma abin da wanda ya tafi zai riƙa turowa gida.

Damuwar hukumar ba ta rasa tushe ba. Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a babban asibitin jiha a Arewa, ya ga nas ɗaya tana zaga ɗaki guda cike da gadaje da daddare, 'yan'uwan majinyata na riƙe mata fitilar waya, ya san ma'anar tafiyar mutum ɗaya ƙwararre. Sai dai takardar shaidar hali daga hannun shugaban da ba ya son ka tafi wata sabuwar ƙofa ce, kuma abin da Ibadan ta nuna shi ne kowace ƙofa da mai gadinta, kowane mai gadi kuma da farashinsa in ba a sa masa ido ba.

Sojan gona a ɗakin jarrabawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowa ya san makarantun da ake kai yara rajistar WAEC da NECO a ƙauyen da ba su taɓa kwana ba, kowa ya san dalili, iyaye ne ma ke biya. Yaron da ya taso a haka, in ejan ya ce masa akwai wata cibiya da ba a faɗuwa, kunnensa ba zai ji baƙon abu ba. Bambancin kawai shi ne, a wannan karon kwamfutar tana rubuta daƙiƙoƙi, kuma bayanan suna ajiye a wata ƙasa inda ba a share su.

Ikon NMC, bisa dokar 2001 da ta kafa ta, a kan waɗanda ke rajistarta da masu neman shiga ya tsaya. Ba ta da hurumin gurfanar da mai cibiya a Ibadan, ko ejan, ko wanda aka biya ya zauna a kujera. Hukunce-hukuncen da kwamitinta ya yanke a kan masu lamba ana wallafa su a shafin hukumar. A kowace takarda akwai cikakken sunan nas ɗin, da lambarsa, da ranar da ya je Ibadan, da adadin mintocin da aka ɗauka a lissafi da a tambayoyin jinya. Wanda ya danna amsoshin kuwa, a matsayin mai sojan gona kawai ake ambatonsa.